Ƙwayar da Ban Tauna Ba a Gaban Surukina

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Surukina ya rasu ranar Laraba da hantsi, a Tambuwal, a ɗakin da ya daɗe yana kwana tun kafin in san shi. Ya haura casa'in. Bai yi doguwar jinya ba. Ya sha kunu, ya ce a gyara masa matashi, shi ke nan.

Kafin azahar ƙofar gidan ta cika da babura. An zo daga Jabo, an zo daga Kebbe da rugagen da ke bayanta. Na ga malaman makaranta da ma'aikatan ƙaramar hukuma masu kiwon rago ɗaya ko biyu a bayan gida, sun tsugunna cikin manoma. Matata, ɗiyarsa ta uku, ba ta yi kuka ba sai da ta ga an naɗe buzunsa daga bakin rumfar aiki. Ƙanensa, wanda ya makance, sai tambaya yake ko an kwashe shanya, wai yana jin ƙanshin hadari. Ba hadari. Ya rasa abin faɗa ne.

A zaman makoki kowa da abin da ya tuna. Wani dattijon Bafillatani daga wajen Kebbe, ɗan aminin marigayi, shi ya fi jan hankalin mutane. Ya ce, "Mutumin ga sau guda tak yat taɓa kuskure ga aikinai. Sau guda. Kuma da ƙafa yat taka har rugarmu don shi gyara. Ina saurayi, da idona nag gani."

Mutane suka yi ta jinjina kai, suna Allahu akbar. Ni na sunkuyar da nawa. Tafiyar gaskiya ce, ina cikinta. Kuskuren ne ba nasa ba.

Ni ba mai magana ba ne. Cutar agana ta kwashe uwata da ubana da ƙannena biyu cikin wata ɗaya, ta bar ni da wannan fuskar mai tabo. Na yi ƙodago gari-gari har na faɗo Tambuwal a shekarar da aka sami 'yancin kai, ana raba wa 'yan makaranta tutoci. Marigayin ya gan ni ina sauke buhuna a kasuwa. Bai tambayi asalina ba. Kafaɗuna ya duba, ya ce in biyo shi. Bayan shekara biyu ya ba ni ɗiyarsa, bayan an tambaye ta ta ce ta ga fuskar, ba ta dame ta ba.

Aikinsa abincin dabbobi ne. A farkon zamanin Jihar Arewa ya yi leburanci a wata gonar gwamnati, inda ya ga inji yana matse abincin dabba ya fito da shi ƙwaya-ƙwaya. Bai iya karatu ba, amma ya tsaya ya kalli injin nan har ya gane abin da yake yi. Da ya dawo gida ya zauna da maƙeri wata biyu. Suka ƙera turmin ƙarfe mai huji-huji a gindi kamar rariya, suka ɗora masa gungumen kirya na dannawa. Ni ne mai danna gungumen. Haɗi ya fito ta hujin, a yanka da wuƙa, tsawon gaɓar yatsa.

Mutanen gari suka sa masa suna mai kashin awaki, don ƙwayar ta yi kama da shi. A kasuwa ana ce masa, "Yau akuya nawa kat tatsa?" Sai ya ce, "Jira bazara, ka zo ka tambaye ni." Suna zuwa kuwa. Lokacin an fara noma da shanun huɗa, kuma sa ba ya jan garma da yunwar rani a jikinsa. Dusa zalla iska ke kwashe rabinta. In ka haɗa ta da tunkuza, wato abin da ya rage bayan an matse man gyaɗa, dabba sai ta tsince mai daɗin ta bar sauran. A ƙwaya ba zaɓi. Kowace ɗaya da dusarta, da tunkuzarta, da garin 'ya'yan gawo, da kanwa, da gishiri. Jaki ya ɗauke ta zuwa ko'ina, ta yi watanni ba ta lalace ba, in dai ta bushe.

In dai ta bushe. Rayuwarsa duka a kan wannan ta tsaya.

Ba ya gaggawa. A daka, a tankaɗe, abin da rariya ta ƙi a mayar turmi. Yana juya haɗi da hannu har gwiwar hannu, ya damƙo daga nan ya damƙo daga can, sai launin ya zama ɗaya. Sannan ya turara shi a madambaci kamar dambu, don ya kama jikinsa. Surukata ta yi shekaru tana mita cewa ta auri mijin da ke sace mata madambaci ya dafa wa shanu. In an matse, a shanya a inuwa tukuna, sannan a rana. In an kwashe daga rana ba a zuba wa buhu sai ta huce. Yakan ce, "Ƙwaya mai ɗumi gumi taka yi cikin buhu, kamar mutum."

Kafin a ɗinke bakin buhu yana gwaji uku. Ya kaɗa ta a ƙwarya ya saurari ƙararta. Ya jefa ɗaya a kan dutse. Sannan ya sa ɗaya a baki ya tauna. In ta fashe ƙas, ta yi. In haƙori ya nutse, a mayar shanya, ko wa ke jira a ƙofa. Na ga ya mayar da ɗan aiken hakimi hannu wofi saboda wannan, ya bi shi da ban haƙuri har bakin hanya, amma bai ba shi ba.

Wata shekara ƙanensa, wannan da ya makance yanzu, ya zuba ƙaiƙayi cikin haɗi a ɓoye don ya ƙara auki. Surukina ya tauna ya gane. Da aka kawo abincin rana sai ya ture akushin tuwo, ya ajiye wa ƙanen kwano cike da ƙwayar. Ya ce, "Bisimilla. Kai kad dafa." Damina guda ba su gaisa ba sai a masallaci.

Akwai wata tsohuwa maƙwabciya, mijinta ya mutu ya bar mata akuya biyu. Kullum da yamma takan zo sharar rumfa ta kwashe abin da ya zube. Na daɗe ina mamakin yadda mutumin da ba ya yarda ƙwaya ɗaya ta faɗi ƙasa yake zubar da cikin kwano duk la'asar. Sai wata rana na gan shi yana karkata faifai da gangan, yana duban wani wuri.

Tsakanina da shi kuwa kunya ce irin ta surukai, cikakkiya. Ban taɓa faɗin sunansa ba, har yau. Takalmina a waje nake barin su. In yana tsaye ina tsugune. Ban taɓa cin abinci ko shan ruwa a gabansa ba. Shi ma ba ya duban idona. Yakan yi maganarsa da iska: "A ɗauko rariya." "A danna." Ni kuma in ce, "To, Baba." Haka muka yi aiki kafaɗa da kafaɗa shekara huɗu, kamar akwai katanga a tsakani.

Sai aka yi wata bazara mai tsanani. Watan bakwai ya kama, hadari ya taso ya watse, ya taso ya watse, ba ruwa. Ciyawa ta ƙare, shanu suna faɗuwa a hanyar rijiya. Amininsa na wajen Kebbe, uban dattijon nan da ya yi magana a zaman makoki, ya iso da jakuna uku. Daga garkensa saura shanu bakwai. Ya zo neman buhu shida, kuma yana son komawa a ranar.

Ƙwayar da ke shanya kwananta biyu kacal, kuma iskar kwanakin mai laima ce. Ga surukina da ciwon haƙori, kumatu ya kumbura, ya naɗe haɓa da kunnuwa da rawani.

Amininsa, wanda ke kiransa Kaɗo kamar yadda Fulani ke kiran Bahaushe, ya ce, "Kai Kaɗo, wa yab buge ka? Ko shanun sun gane kana cin rabonsu?"

Surukina ya ce, "Bari ni da abin da nika ji."

Ya kaɗa ƙwayar a ƙwarya, ta yi ƙara, don bayanta ya bushe. Ya jefa ɗaya a dutse, ta yi tsalle. Ya kai ɗaya baki, ya kasa rufe haƙora a kanta. Sai ya miƙo hannu gefe, wajen da nake tsugune, ya ce, "A tauna a ji."

Na karɓa da hannu biyu. Ya kawar da fuskarsa don ya ba ni wuri. Amma aminin yana kallona, Bafillatani, wanda ya fi mu sanin kunyar suruki, da murmushi a bakinsa. Muƙamuƙina ya ƙi buɗewa. Da na tashi na zaga bayan rumfa, da babu wannan labari. Ban tashi ba. Na danna ta da farce, na ji tauri, na jefa ta aljihu.

Na ce, "Ta yi, Baba."

Ni na ɗinke buhunan da hannuna. Ni na ɗaura wa jakuna.

Bayan la'asar na sa hannu aljihu na ji ta. Na tauna ni kaɗai. Haƙorina ya nutse kamar a tuwo. Cikinta ɗanye ne.

Na san abin da zai biyo baya, shi ya koya mini. Ɗanyar ƙwaya a rufaffen buhu takan yi zafi, ta yi funfuna, kuma funfunar tunkuza guba ce ga dabba. Na sani, na yi shiru. Na ce wa kaina wataƙila guda ɗaya ce ta fita daban. Na ce wataƙila za su cinye kafin ta juya. Gaskiyar ita ce tsoro nake. Gida ɗaya na taɓa samu tun bayan agana, kuma mutumin da ya ba ni shi na yi wa ƙarya.

Kwana shida ina haka. Ranar ta shida matata ta ajiye mini tuwo, ta tsaya a kaina. Ta ce, "Mi ka damunka? Kwana shida kana wasa da abinci. In mutum ka kashe, faɗi in san inda zan sa kaina."

Na faɗa mata. Ba ta zage ni ba, ba ta lallashe ni ba. Ta ja mayafi ta fita, ta nufi gidan ubanta.

Jim kaɗan na ji sallamarsa a ƙofata. Bai taɓa taka gidana ba sai ranar. Ya tsaya daga waje, yana magana da dangar kara. Ya ce, "A ɗauko buhu fuɗun ga da munka aje ma shanun huɗa. A ɗaura ma jakai. Da asuba za a tafi."

Buhu huɗun nan su ne abincin shanunsa na noma har ciyawa ta fito. Ba shi da wasu.

Muka kama hanyar Kebbe bayan sallar asuba, shi a gaba da sanda, ni a baya da jakuna biyu. Ya haura hamsin a lokacin, kumatu bai saɓe ba, kwana da kwanaki kunu kawai yake sha. Na ce ya hau jaki in ɗauki buhu ɗaya a ka. Ya ci gaba da tafiya. Rana ta take, ƙasa tana ƙona ƙafa ta cikin takalmi. Ni da na saba wahala na so in zauna. Shi bai tsaya ba sai don salla. Ina bayansa ina kallon dugadugansa, ban taɓa jin tsoron mutum da girmansa a tare irin na ranar ba. Muka kwana a wani ƙauye, da hantsi muka isa rugar.

Abin da muka fara gani fata ce a shimfiɗe, an kafe ta da turaku. Karsana ce ja, an yanka ta da safen nan kafin ta mutu. Cikin sauran shidan, huɗu suna tsaye da ƙyar, biyu a kwance, duk suna zawo. Aminin ya ɗauka wata cuta ce ta shigo. Don ya ƙarfafa su sai ya riƙa ƙara musu ƙwayar.

Surukina bai gama gaisuwa ba ya wuce inda buhunan suke. Ya zura hannu har gwiwa, ya zaro. Ƙwayar ta dunƙule, ta yi fari da kore, tana tururi, tana warin tsami.

Ya ce, "Kada a ƙara ba su ko guda. A ƙone wagga duka, har buhunan."

Aminin ya dube shi, ya dubi fatar. Muryarsa ta canja. Ya ce, "Shekara ashirin ina sha daga ƙwaryarka ban duba ciki ba. Karsanar ga ita nika sa rai. Uwarta ta uwata ta."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Surukina ya ɗaga sandarsa kaɗan ta gefena, ban ƙara motsi ba. Ya cire hularsa, ya tsugunna gaban amininsa a cikin kashin shanu, mata da yara suna kallo. Ya ce, "Ni nab ba ka, kuma ban tauna ba nab ba ka. Laifina na. Ka yi min abin da kag ga dama, amma bari mu tashe su tukuna."

Kwana uku muka yi a rugar. Ya riƙa ɗura musu ruwan kanwa da hannunsa. Ya hau gawo, mutum mai furfura, yana kaɗo 'ya'ya. Ya jiƙa tsohuwar ƙwayar da muka kawo yana ba su kaɗan-kaɗan a tafin hannu, yana yi musu magana ƙasa-ƙasa. Ranar ta uku saniyar ƙarshe ta miƙe, ta yi tangaɗi, ta tsaya. Shida suka rayu. Aminin ya rako mu har bakin fadama. Bai yi dariya ba, amma ya ce, "Kaɗo, a cire haƙorin ga kafin shi ƙare min garke."

A hanyar dawowa muka zauna ƙarƙashin wani gawo. Na ja gefe kamar yadda na saba, ina jiran ya ce in tattara kayana in bar masa ɗiyarsa. Na riga na shirya.

Sai ya ce, "Kai."

Ban taɓa jin ya ce mini kai ba.

"Matso. Dube ni."

Na dube shi. Ranar na san launin idonsa. Ya ciro ƙwaya biyu daga aljihu, ɗaya mai kyau, ɗaya ruɓaɓɓiya da ya ajiye kafin a ƙone sauran. Ya ce, "Tauna wagga." Na tauna yana kallon bakina, ta fashe ƙas. "Tauna wagga." Na tauna, ɗaci da tsami suka cika mini baki, hawaye ya zubo. Bai ce in tofar ba sai da ya tabbata na ji.

Ya ce, "Na san kana jin kunyata nam miƙa ma abin sa wa baki, kuma nik kau da kai. Rabin laifin nawa na, ba ƙarya niy yi can ba. Kwana shidan da kay yi shiru, wanga naka na kai ɗai, kai da Allah. Kunyarmu ta ci karsana guda. Ba ta ƙara cin wata."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai sake tayar da maganar ba har ya mutu. Shekarar nan shanunsa suka rame, suka kasa jan garma. Da hauya muka yi noman, ni da shi, rabin gona ya kwana. Mutane suka ce mai kashin awaki ya tsufa, ya fara sakaci. Wasu suka daina zuwa shekara biyu. Ya ji duka, bai gyara wa kowa zance ba.

Tun daga lokacin ni ke taunawa, a gabansa, ido cikin ido. An yi ta maganata a gari, wai surukin da ba shi da ta ido. Amma tuwo ban taɓa ci a gabansa ba, ruwa ban taɓa sha ba, sunansa ban taɓa faɗa ba. Ƙwaya kawai. Da haƙoransa suka zube gaba ɗaya, yakan zauna a buzunsa ya karkato kunne. In ya ji ƙas sai ya ce, "A ɗinke."

A ƙarshen rayuwarsa wani jikansa da ke aiki a birni ya kai mu wani babban gidan injin abincin dabbobi. Abin da muke yi a wata guda suna yinsa kafin a sha ruwa. Ban ga ya ruɗe ba. Ya bi wurin a hankali yana ganewa: nan ake niƙa, nan ake juyawa, ga madambacinsu, ga turminsu mai huji. Ya tambayi inda take hucewa, aka nuna masa, ya zura hannu cikin buhu ya daɗe. Sannan ya ce wa mai kula da wurin, "Wa ka tauna muku?" Suka yi dariya, suka kawo wani ɗan ƙarfe da ke gwada laima da tauri. Ya juya shi a hannu, ya ce, "To, madalla. Wanga ba shi da suruki." Ba wanda ya gane sai ni.

Ranar sadakar uku, da aka shafa addu'a, ɗan aminin ya sake ɗauko labarin kuskuren nan guda. Na miƙe. Na ce, "Ba shi ba ne. Ni ne. Ya ba ni in tauna, na ji kunya, na ce ta yi. Na gane a ranar, na yi shiru kwana shida. Shi ya ɗauka a kansa fiye da shekara arba'in don in zauna a garin nan da mutuncina."

Ƙanensa makaho ya juyo da fuska wajen muryata, ya ce, "Ashe." Daga cikin gida na ji kukan matata, ita da ta riƙe maganar tare da mu duk shekarun nan.

Ɗan aminin ya juyo wajena. Sannan ya ce, "Baffa, mahaifina, ya mutu shina cewa bai taɓa ganin mutum kamar Kaɗon ga ba. Ashe rabin labarin ma yas sani." Ya share ido da bakin rawani. "Duk abin da muka kiwo yau, jikokin shidan nan na. Karsanar kuwa na yafe, a madadin Baffa."

Da mutane suka watse na shiga rumfa. Shanyar ƙarshe da aka matse yana da rai tana nan a kan tabarma. Na kaɗa a ƙwarya. Na jefa ɗaya a dutse. Haƙora uku suka rage mini a gefen dama. Na juya na fuskanci inda buzunsa yake zama, na tauna.

Ta fashe ƙas. Na tsaya ina jira a ce a ɗinke.

Allah, ka ga yadda ya rufa mini asiri a duniya. Ka rufa masa nasa a can, ka yalwata kabarinsa, ka sa ya huta. Mu da muka rage, ka sa mu cika da imani. Amin.